Zubin Farko Ba Na Kasuwa Ba Ne

Kwana uku na yi ina kallon jimla ɗaya. An ba mu aiki a kwas ɗin rubutun jarida, kowa ya rubuto rahoto mai kalma 1,200 a kan wani abu da ya sani daga garinsu. Ni ɗan Giwa Tazo ne a ƙaramar hukumar Maiyama, kuma duk wanda ya tashi tsakanin Jega, Aliero da Maiyama ba sai an zaɓar masa ba, albasa ce za ta fara faɗo masa a rai. Na san harkar tun ina ɗan ƙarami, na yi dashe, na yi ban-ruwa, na ɗauki buhu. Amma da na buɗe kwamfuta sai na rubuta, "Albasa na ɗaya daga cikin muhimman amfanin gona a jihar Kebbi." Na goge. Na sake rubutawa da ɗan canji. Na goge. Na shiga TikTok na huce, na dawo na tarar da farin shafin yana jirana kamar mai bina bashi.

Ran na huɗu dole ta sa na je gida. A mota, daga Jega, mutum huɗu muka matse a kujerar baya, ga zafi, ga wani bawan Allah da ya ɗora mini jakarsa a cinya. Haushin kaina ya ishe ni, na zaro waya na buɗe wurin ajiye rubutu na ce bari in zuba duk abin da na sani a kan albasa, ko da shirme ne, ai ba mai gani. Na rubuta Hausa da Turanci a cakuɗe. Babu aya, babu waƙafi. Na rubuta yadda warin ruɓaɓɓiyar albasa yake a cikin rudu, na rubuta farashin fetur ɗin injin ban-ruwa, na zagi dillalai, na koma na ba su haƙuri, na saka labarin wani jakin maƙwabcinmu da ba shi da haɗi da komai. Can wajen ƙarshe, ban san lokacin da na rubuta wannan ba: kawuna ya san sarai cewa in ya ajiye albasarsa zuwa damina kuɗinta zai ninka, amma duk shekara a kakarta yake sayarwa da arha, saboda mai taki da mai fetur ba za su jira damina ba, kuma rudun ma ba shi da tabbas.

Nan na tsaya. Ashe rahoton ke nan. Ba "muhimmancin albasa" ba ne, labarin manomin da ya san gaskiyar kasuwa amma bashi ya ɗaure masa hannu ne. Jimlar da na kwana uku ina nema a saman shafi, tana can ƙasa, bayan jaki da zagin dillalai. Da ban bi ta cikin wannan kwamacalar ba, wallahi da ban same ta ba.

Tun daga ranar nake lura da mu matasa masu rubutu a waya, sai na ga cuta biyu ce ke damunmu. Akwai waɗanda ba sa rubutawa sam. Suna da labari, suna da ra'ayi, wasu ma in suna magana a majalisa sai ka saki baki, amma da sun ɗauki biro sai tsoro ya kama su, don abin da ya fito bai kai abin da ke cikin kansu kyau ba. Akwai kuma waɗanda ba sa jin tsoron komai: abin da ya zo musu shi suke dannawa ya tafi Facebook, da zafinsa, da kurensa, da sunan mutumin da ba su tabbatar ba. A ido kamar kishiyoyi ne. A ganina uwarsu ɗaya. Dukkansu sun ɗauka rubutu taki ɗaya ne, abin da ya fara fitowa daga hannunka shi ne rubutun. Na farko ya ga bai yi kyau ba ya fasa, na biyu ya ga ya fito ya tura.

Ban ga laifinmu sosai ba, haka aka raine mu. Ka tuna firamare. Yaron da littafinsa ba kashe-kashe shi ne haziƙi, wanda ya soke layi biyu kuma ƙazami ne, wani lokaci har da bulala. Muka zo sakandare, insha'in jarrabawar WAEC da NECO aka horar da mu a kai: ga take, ga mintoci, rubuta sau ɗaya ka miƙa. Ba na tuna ranar da wani malami ya karɓi rubutuna ya ce, "To, wannan na farko ke nan, je ka sake kawo na biyu ran Litinin." Maki ake ba ka, a rufe babin. Don haka muka taso muna ganin gyara alamar rashin iyawa ce, muna ɓoye shi kamar abin kunya.

Abin mamaki, a ɗaya makarantar da yawancinmu muka yi, ba haka abin yake ba. Duk wanda ya zauna kusa da tsangaya ya san satu. Gardi zai rubuta allonsa da ka, ba tare da ya duba takarda ba, sannan ya kai wurin darasu a gaban malamai da 'yan uwansa. A nan za a bi shi harafi bayan harafi, a nuna masa inda ya yi ƙari, inda ya rage, inda wasali ya kuɓuce masa. Ya gyara, ya wanke, ya sake. Ba ina haɗa Littafin Allah da rubuce-rubucenmu ba ne, Allah ya tsare, hanyar koyon nake nufi. Ba wanda ke kallon kuren satu a matsayin tozarci, don kowa ya san ta nan alaramman da ke gyara masa ya bi. Allo ma ai don haka aka yi shi da itace: ya ɗauki tawada, ya ɗauki ruwa. Kakanninmu sun ware wa kuskure wurin zama tun kafin a kawo mana kwamfuta mai maɓallin gogewa.

Manyan malamai ma sun koma kan abin da suka rubuta. Imamu Shafi'i sau biyu ya rubuta Risala, ta biyun a Masar, kuma ita ce ake karantawa yau. A nan Gwandu kusa da mu, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, bayan ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Tawili, ya dawo ya fitar da wani mafi gajarta da sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, saboda ɗaliban da na farkon ya yi wa nauyi. Wannan ba gyaran kure ba ne, sake zubi ne don wani mai karatu daban, amma darasin yana kusa: ko malamin da ya kai wannan matsayi bai ɗauki abin da ya gama rubutawa a matsayin ƙofar da aka rufe ba.

Mu dawo boko. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Daga ita aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam a 1911 aka haife shi, ke nan shekararsa 22 lokacin, sa'an yawancin masu karanta wannan shafi, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Mu da muka karanta waɗannan littattafai a aji mun ɗauka haka suka faɗo daga sama da santsinsu. Alhali duk sun bi ta teburin edita kafin su shiga injin ɗab'i. Jiki Magayi ma sunan mutum biyu ke kansa, John Tafida da East ɗin kansa. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya ya yi wata shida yana aikin Magana Jari Ce, yana rubutawa East yana dubawa. Kuma da yawa daga labaran ciki asalinsu na Larabawa ne, da Indiyawa, da Turawa, shi ya juya su, ya sake musu tufafi, har suka zama kamar a bakin kasuwar Hausa aka haife su. Irin wannan juyi ba a zama ɗaya ake yinsa ba. Mutumin da ya sha wannan horo shi ne ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ya koma shi ke riƙe da jan biro a kan rubutun wasu.

Labarin Chinua Achebe ya fi burge ni, don akwai takardun da suka yi saura kaɗan su salwanta. Yana aiki a gidan rediyon gwamnati a Legas ya fara wani dogon labari da hannu, wanda ya so ya haɗa kaka da ɗa da jika duk a littafi ɗaya. A 1956 ya je Landan kwas a BBC, ya nuna wa wani marubuci mai suna Gilbert Phelps. Da ya dawo gida sai ya zauna ya datse abin, ya cire sassan baya, ya bar labarin Okonkwo kaɗai. Shi ne Things Fall Apart da ya fito a 1958. Abin da ya cire bai zubar ba, daga cikinsa aka samu No Longer at Ease a 1960. Wato zubin farkon ya yi yawa, ya yi nauyi, bai san iyakarsa ba, amma littafi biyu ne kwance a ciki. Sannan kwafi ɗaya tal yake da shi na rubutun hannu, ya aika wa wani kamfanin buga tafireta a Landan, suka yi watanni shiru, sai da shugabarsa a wurin aiki, Angela Beattie, ta je hutu Ingila ta taka har ofishinsu ta tsawatar kafin suka buga. Wannan kuma darasi ne na daban ga masu ajiye komai a waya ɗaya mai fasasshen gilashi. Na san kaina.

Ernest Hemingway na Amurka kuwa, da aka sake buga littafinsa A Farewell to Arms a 2012, an haɗa da ƙarshe 47 daban-daban da ya gwada wa labarin kafin ya tsaya a kan ɗaya. Kai kuma ka gwada biyu ka ce ba ka da baiwa.

Me ya sa hargitsattsen zubi yake aiki? Abin da na fahimta shi ne aiki biyu ne a cikin rubutu, kuma ba sa son juna. Akwai zubawa, akwai tankaɗe. Mai zubawa yana bukatar sakewa, ya faɗi abin da bai gama tunaninsa ba, ya bi hanyar da bai san inda za ta ɓulle ba. Mai tankaɗe kuma aikinsa ƙi, wannan bai yi ba, wancan ƙarya ne, wannan an riga an faɗa. In ka zaunar da su a kujera ɗaya lokaci ɗaya, mai tankaɗen ne ke cin nasara, don shi ya fi baki. Shi ne ya riƙe ni kwana uku. A motar Jega, matsi da zafi da haushi suka kore shi na awa ɗaya, shi ke nan aka samu abin da za a tankaɗe. Wani malamin rubutu Ba'amurke, Peter Elbow, ya gina littafinsa na 1973, Writing Without Teachers, a kan wannan: ka rubuta na minti goma ba tsayawa, ba komawa baya, ko ba ka da abin faɗa ka rubuta cewa ba ka da abin faɗa har wani abu ya zo. Na gwada, ranar farko rabin shafin ƙorafin rashin wuta ne. Rabi na biyu kuma akwai abu.

Kuma mu 'yan ƙasar albasa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ba wanda ke shuka albasa ƙwaya ɗaya-ɗaya a layi tun ranar farko. Yafa iri ake yi a ɗan fili, ya fito cunkus kamar ciyawa, ba tsari ba kyan gani. Sai ya yi makonni sannan a cire, a zaɓi masu ƙarfi, a kai fangali a dasa da tazara. Wanda ya ce shi ba zai yafa ba sai ya tabbatar kowace ƙwaya za ta yi kai, zai ga kakar wasu. Wanda kuma ya bar irin a cunkushe bai dasa ba, ganye zai samu.

To, wannan na biyun shi ne inda na fi son mu tsaya, don nan ne ake jin ciwo. Yabon zubin farko ba lasisin tura shi ba ne. Ni na taɓa ɗanɗanawa. Ina aji ɗaya a jami'a, wani dare aka kira ni aka ce wani dattijo maƙwabcinmu ya yi haɗari a hanya, "abin ba kyau." Kafin in ajiye wayar na riga na rubuta ta'aziyya mai sakin layi uku, da hotonsa, da addu'a, na saka a Facebook da sitatus. Na ji daɗin yadda kalmomin suka zauna ma, Allah ya yafe mini. Cikin minti ashirin an yi ta yaɗawa. Mutumin yana asibiti da karaya, da ransa. 'Yarsa da ke aure a wani gari a wayar wata ta ga mutuwar mahaifinta. Na goge, na ba da haƙuri, amma hoton rubutun ya riga ya shiga guruf-guruf da ban san da su ba. Da na je gaishe shi bayan an kai shi wurin masu ɗori a Aliero, ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne ka kashe ni ran nan? To ga ni, ban tahi ba tukuna." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Har yau 'yar ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na rubuta a daren nan zubin farko ne cikakke: motsin rai ne, da zato, da jimloli masu daɗi. Da a littafina ya tsaya, da safe zan duba in tambayi kaina, wa ya ce ya rasu? Tambaya ɗaya ke nan, kira ɗaya. Magana zarar bunu ce tun kafin a yi intanet, yanzu kuma bunun yana da masu ɗaukar hoto. WhatsApp ya ba ka minti 15 ka gyara saƙo bayan ka tura. Facebook zai bar ka ka gyara, amma duk mai so zai iya buɗe tarihin gyaran ya ga abin da ka fara faɗa. Sikirinshot kuwa ba ya karɓar gyara ko kaɗan. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, da aka sha kama 'yan jarida da masu rubutu a soshiyal midiya da sashenta na 24. Mutum na iya ƙin yadda ake amfani da dokar, ni ma ina da ja a kai, amma ba ka son ranar da za ka kare kanka ta zama a kan jimlar da ka rubuta cikin fushi da ƙarfe ɗayan dare, wadda kai kanka da ka sake karantawa da ka cire.

'Yan uwana marubutan littattafan onlayin, ku yi haƙuri, zan taɓo ku. Ina karanta ku, kuma na san wasunku sun fi mu masu digirin iya jan labari. Amma tsarin "feji kullum" yana cin ku. Marubuciya ta yi taifin da dare, ta tura guruf da safe, masu karatu su yi ta kiran a ƙaro. A feji na 12 jarumar marainiya ce, a feji na 40 ga mahaifiyarta tana dama fura. Ba rashin basira ba ne, zubin farko ne ake sayarwa da ɗuminsa, kuma da zarar an tura ba damar komawa a gyara tushe. Marubutan soyayya na shekarun 1980 da 1990 a Kano, duk da gorin da aka yi musu, akasari a littafin makaranta suke gama labari da biro kafin a kai wa mai bugawa, ko ba komai labarin ya kwana a hannunsu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta ƙayyade kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma duk wadda ta taɓa gwadawa ta san wahalar ba a rubutawa take ba, a yankewa take. Ba za ki yanke abin da ba ki zuba ba, ba kuma za ki yanke abin da kika riga kika raba wa mutum dubu ba.

Sai sabon baƙo. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, farin shafi ya daina tsorata ɗalibai da yawa. Ka ba shi take, cikin daƙiƙa goma ya miƙo maka sakin layi biyar a goge tas, da gabatarwa da kammalawa. A ajinmu an san masu yi, kuma malamai ma sun fara ganewa, don rubutun mutum goma sai ya zo da murya ɗaya. Ba zan yi ƙaryar ban taɓa amfani da shi ba. Amma na gwada ba shi aikin albasar nan don in gani, ya ba ni daidai jimlar da na kwana uku ina gogewa: albasa na da muhimmanci, manoma na fuskantar ƙalubale, ya kamata gwamnati ta taimaka. Ba kure ko ɗaya, ba kuma kawuna a ciki. Bai san mai taki ba ya jiran damina ba, don ni ma ban san na sani ba sai da na rubuta. Wannan ne abin da ke ba ni tsoro a kansa. Ba satar amsa kaɗai ba, tsallake wurin da tunani ke faruwa. In ka karɓi tsaftataccen rubutu daga farko, ba ka da abin da za ka tono, sai dai ka canja kalma biyu ka sa sunanka. In za ka nemi taimakonsa, ka bari sai ka gama naka jagwalgwalon, ka san me kake son faɗa, sannan ka binciki duk wani suna da adadi da ya ba ka, don yana ƙirƙiro su ba kunya.

Wani abokina da ke neman labarai wa wata kafa ta intanet ya ce mini duk wannan zancen 'yan aji ne. A fagen aiki, in ji shi, wanda ya riga turawa shi ke da labari, ba wanda zai jira ka yi zubi uku. Akwai gaskiya a maganarsa, ban raina ta ba. Sai dai ko a ɗakin labarai mafi sauri, abin da wakili ya aiko ba shi ke fita kai tsaye ba, akwai edita a tsakani, kuma don haka ake biyansa. Matsalarmu mu masu waya ita ce mu ne wakilin, mu ne editan, mu ne injin bugawa, duk a babban yatsa ɗaya. Tazarar da nake roƙo ba ta kwana uku ba ce. Wani lokaci minti biyar ce: ka rubuta a wani wuri daban, ka ɗaga kai, ka sake karantawa kamar maƙiyinka ne ya rubuta.

Ga yadda nake yi yanzu, ba don ita ce hanya kaɗai ba. Ba na fara rubutu a cikin akwatin Facebook, don maɓallin turawa yana kusa da yawa. A WhatsApp nake tura wa kaina saƙo, ko in yi a littafi mai ganye 40 da na rubuta wa "shara" a bango don kada in ji nauyinsa. In hannu ya ƙi, murya nake naɗa, in yi ta surutu kamar ina ba abokina labari a shagon mai shayi, daga baya in saurara in kwashe. Inda ban tabbatar da suna ko adadi ba, ina sa alamar tambaya uku in wuce, ba na tsayawa bincike a tsakiyar zuba. In na gama sai in bar shi, in da hali ya kwana. Da safe abin da nake fara nema shi ne jimlar da ta ba ni mamaki, wadda ban shirya rubutawa ba. Galibi tana ƙasa. Ita nake ɗaukowa in kai sama, sauran su bi ta ko su fita. Sannan in koma kan alamomin tambayar nan ɗaya bayan ɗaya, in kira wanda ya kamata in kira. Na ƙarshe, in karanta da ƙarfi. Hausa ba ta ɓoye rubutun da aka fassaro daga Turanci a ka, da ka furta za ka ji harshenka yana tuntuɓe.

Kuma ka samu mutum ɗaya da za ka iya nuna wa sharar. Ɗaya, ba guruf ba. Wanda zai ce maka "nan ban gane ba" ba tare da ya ɗauki hoto ya kai majalisa ba. Irin wannan aboki ya fi masu danna maka alamar so ɗari biyar amfani, kuma ya fi su wuyar samu.

Rahoton albasar dai na miƙa shi a zubi na huɗu. Malamin ya dawo mini da shi da jan biro har a gefen takarda, ya soke sakin layin da na fi ƙauna gaba ɗaya, ya rubuta cewa in koma in ji ta bakin dillali ko ɗaya, tunda na ɗora musu laifi ban tambaye su ba. Na ji zafi, na kuma je. Dillalin da na samu a Aliero ya lissafa mini kuɗin mota zuwa kudu, da na lodi, da abin da ake bari a shingayen hanya, da buhunan da ke isa a ruɓe, har na rasa wanda zan zaga. Zubi na biyar ya fi na huɗu rashin daɗin karantawa ga mai neman mugu a labari, amma shi ne na farko da zan iya kai wa kawuna da dillalin su karanta a zaune wuri ɗaya.

Hutun da ya wuce ƙanwata, wadda ke aji biyar a sakandare, ta kawo mini wani littafi a ɓoye, ta ce labari take rubutawa amma kada in yi mata dariya. Shafi 11 ne. Sunan jarumar ya canja sau uku, akwai inda aka yi biki kafin a kawo kuɗin gaisuwa, wani shafin ma miya ta zuba a kai. A shafi na tara akwai wata tsohuwa mai tsince albasa a kasuwa ana biyanta da waɗanda suka fara lalacewa, layi huɗu kacal ta ba ta ta wuce. Ta ce, "Yaya, in sake kwafewa da kyau tun daga farko ko?" Na ce a'a, ki ci gaba har ki kai ƙarshe tukuna, kada ki gyara komai, amma ki sa wa tsohuwar nan alama. Jiya ta kira ni da wayar Inna, ta ce tana shafi na 26, kuma tsohuwar ta ƙwace labarin.